Ƙofar da Abu ta bi a rufe take a Kakangi

Koke biyu ake yi a kan aure a ƙasar Hausa, wanda in ka saurara sai ka ɗauka daga ƙasashe biyu suke fitowa. Na farko shi ne ana aurar da yara mata tun ba su san ciwon kansu ba. Na biyu kuma, samari sun haura talatin ba su ajiye iyali ba, 'yan mata suna zaune a gaban iyayensu babu mai cewa yana so, zawarawa sun yi yawa. Ƙagaggun labaranmu sun daɗe suna riƙe da koke na farko, har sun yi masa tsari guda da kowa ya haddace. Na biyun kuwa sun bar shi ga masu barkwanci da masu wa'azin kasuwa.

Abin da nake son nunawa shi ne, a wuri irin Kakangi da ke yammacin Birnin Gwari, koken nan biyu uwa ɗaya ta haife su, wato tsoro da rashi. Tsarin labarin da muka gada ba ya iya ɗaukar wannan gaskiyar. Abin mamaki kuma, littattafan fiƙihu da ake karantawa a zaurukanmu sun fi littattafan soyayyarmu yin tambayoyi masu kaifi a kan lamarin.

Gadon da aka bar mana

Tun a Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, a tsakiyar shekarun 1930, rubutaccen labarin Hausa ya fara kallon yadda dukiya ke raba yarinya da wanda take so. Zainab ta bar Abubakar ta shiga gidan mai kuɗi, sauran labarin kuwa ramuwar gayya ce. A 1991 Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, inda Sumayya ta gwammace ta faɗa rijiya da ta auri wanda aka zaɓa mata. Amma littafin da ya tsaya kai da fata a kan auren wuri shi ne Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990.

Ga wanda bai karanta ba: Abu yarinya ce 'yar ƙauye da mahaifinta ya cire daga makaranta. Ɗan uwanta da aka yi musu alkawari ya je birni ya yi boko, ya dawo ya ce shi ba zai auri jahila ba. Uban ya ji kunya, sai ya huce a kan 'yarsa, ya aurar da ita ga Sarkin Noma, dattijon da ya isa haihuwarta. Abu ta gudu birni wurin 'yar uwar iyayenta, Hajiya Kumatu, ta koma karatu, har ta zama ma'aikaciyar jinya.

Ƙarfin littafin ba a ɓoye yake ba. Marubuciyar ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, don haka ba labarin ji take bayarwa ba. Ba ta kuma ɗauko makami daga waje ta yaƙi al'ada ba, daga cikin addinin ta kafa hujjarta, cewa neman ilimi haƙƙin 'ya mace ne, wanda ya hana ta shi ne ya kauce. Sunan littafin ma tarko ne: waɗanda suka hana yarinya karatu su ne suka dawo suna ƙyamarta don ba ta yi karatu ba. Har gobe ba a yi littafin Hausa da ya fi shi tona wannan munafunci ba.

Sai dai mu lura da abubuwa uku da tsirar Abu ta dogara a kansu. Akwai hanya da za ta bi ta isa birni. Akwai 'yar uwa a birnin mai ɗaki da abin hannu. Akwai makaranta a buɗe tana jiran ta. Ɗauke ɗaya daga cikin ukun, labarin ya rushe. Marubutan da suka biyo baya sun kwafi ƙofar, ba su duba ko har yanzu akwai gidan da take jiki ba.

Idan Abu 'yar Kakangi ce

Mu ɗauko Abu mu ajiye ta a Kakangi ko Randagi a cikin shekaru goma da suka wuce. Hanyar da za ta bi ita ce ta Birnin Gwari zuwa Kaduna, ko ta Funtuwa, hanyoyin da direbobi suka yi shekaru suna jiran rakiyar sojoji kafin su hau. Dajin Kamuku da na Kuyambana da ke kewaye da yankin sun zama sansanin 'yan bindiga. A watan Mayun 2018 an kashe mutane da dama a Gwaska a rana ɗaya. Yarinya 'yar shekara 13 da ta fito ita kaɗai da asuba a irin wannan wuri, ba birni za ta isa ba.

Makarantar fa? A watan Maris na 2021 'yan bindiga suka shiga firamaren Rama a Birnin Gwari suka tafi da malamai uku. Ran 7 ga Maris 2024 aka kwashi ɗalibai a Kuriga, a ƙaramar hukumar Chikun, kan hanyar nan ta Birnin Gwari. 137 gwamnati ta ce an dawo da su bayan fiye da mako biyu. A shekarar ne gwamnatin Kaduna ta sanar da shirin haɗe makarantu 359 da ke wurare masu haɗari da waɗansu da ke inda aka fi samun tsaro. Ga yaro namiji, nisan makaranta wahala ce. Ga 'ya mace da ta fara girma, nisan makaranta shi ne ƙarshen karatu.

'Yar uwar da ke birni kuwa, wataƙila ita ma gudun hijira ya kai ta can, tana raɓe da 'ya'yanta a ɗaki ɗaya.

To a nan uban yarinyar ya sha bamban da mahaifin Abu. Wancan girman kai da jin kunyar tsara suka tura shi. Wannan kuwa lissafi yake yi cikin dare: gona ba ta nomuwa sai an biya haraji ga mutanen daji, rumbu ya yi ƙasa, ga budurwa a gida, ga labarin abin da ake yi wa matan da aka sace. A 2022 ƙungiyar ci gaban masarautar Birnin Gwari, BEPU, ta koka cewa 'yan Ansaru suna neman auren 'yan mata a yankin Tsohuwar Kuyello da ke gabashin masarautar. Uban da ya ji wannan, idan maƙwabci mai mata biyu ya zo da goro, ba al'ada yake karewa ba lokacin da ya ce na ba ka. Gani yake yi ya rage baki ɗaya, ya kuma sa 'yarsa a ƙarƙashin wani rufin kafin a zo a ɗauke ta ba sadaki.

Wannan mutumin ba ya cikin littattafanmu. Muna da azzalumin uba mai kwaɗayi, muna da kakar da ta rantse sai an yi. Ba mu da uban da yake son 'yarsa, yake kuma cutar da ita da hannunsa saboda ya rasa wata dabara. Shi ne ya fi wuyar rubutawa, shi ne kuma ya fi kama da gaskiya.

Ɗaya fuskar

A garin da ake gaggawar aurar da 'yar shekara 14, a nan ne kuma saurayi ɗan shekara 30 yake zaune ba mata. Ba saɓani ba ne. A ƙarshen watan Satumban 2021 gwamnatin Kaduna ta katse layukan waya a wasu sassan jihar har da Birnin Gwari, ta hana hawa babur, bayan an riga an dakatar da kasuwannin mako. An yi haka ne don a matsa wa 'yan bindiga, amma noma da acaba da cin kasuwa su ne hanyoyi ukun da saurayin ƙauye ke tara kuɗin aure. Wanda aka karɓi kuɗin fansar ɗan uwansa kuwa, shanu da gona sun riga sun tafi.

Shi aure bai rage farashi don an shiga wahala ba. Akwai kuɗin na-gani-ina-so, da na gaisuwar iyaye, da kayan sa rana, da lefe, kafin a zo kan sadaki. Gidan amarya kuma suna fama da gado da katifa da jeren kwanuka da gara. Sakamakon a fili yake: ƙaramar yarinya ta tafi gidan mai hali ko da ya girme wa ubanta, tsaranta ya ci gaba da zaman tuzuru, yayarta da mijinta ya mutu a hari ta dawo gida da marayu uku ba mai tambayarta.

Yaya adabinmu yake ɗaukar wanda aurensa ya yi jinkiri? Namiji abin dariya ne, tuzuru mai wanke tukunyarsa da kansa. Mace kuwa darasi ce: ta cika ruwan ido, ko boko ya hau mata kai, ko kishiyar uwa ta yi mata asiri, a ƙarshe a karya sihirin wani attajiri ya bayyana. Da wuya ka ga labarin da ya zauna ya lissafa abin da akwati ɗaya na lefe yake ci, ya kwatanta da abin da buhun masara ke kawowa. Hukumomi ma sun riga marubuta gane cewa matsalar ta aljihu ce: tun 2012 Hisbar Kano take shirya auren gata, a watan Oktoban 2023 ma an ɗaura na mutum 1,800 da angwayensu. Ko mutum ya yarda da wannan hanya ko bai yarda ba, ta nuna inda ciwon yake.

Abin da zaure ya sani

Marubutanmu sukan sa malami a labari don ya yi ɗaya daga abu biyu: ko ya goyi bayan uba, ko ya kawo hadisi ɗaya ya warware komai a shafin ƙarshe. Fiƙihun da alƙalanmu ke hukunci da shi ya fi haka faɗi.

Gaskiya ne mazhabar Malikiyya, kamar yadda take a Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, ta ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa ba tare da izininta ba. Ɓoye wannan ba zai amfani kowa ba. Amma ikon an gina shi ne a kan zaton cewa uba ya fi kowa neman abin da zai amfane ta, shi ya sa malaman suka ce ba shi da shi idan auren cutarwa ne bayyananna, kamar a ba ta mahaukaci ko mai cutar da ke hana zaman aure. Sun kuma bambanta ɗaura aure da tarewa, ba a miƙa yarinya sai jikinta zai iya ɗauka. A hadisi, Khansa'u 'yar Khizam ta kai ƙarar mahaifinta da ya aurar da ita ba ta so, Annabi (SAW) ya warware auren. Abu Hanifa bai yarda a tilasta wa baligar budurwa ba. Ibn Shubruma tun a ƙarni na biyu na Hijira ya tafi a kan cewa ba a aurar da ƙaramar yarinya sai ta balaga. A aya ta 6 ta Suratun Nisa'i, ba a miƙa wa maraya dukiyarsa don ya kai munzalin aure kawai, sai an ga hankali da iya riƙo a tare da shi. A nan gida ma, a tsakiyar shekarun 1980, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a shari'ar Karimatu Yakubu cewa uban da ya riga ya ba 'yarsa zaɓi ba zai dawo ya tilasta mata wani ba.

Batun marainiya ya fi shafar yankinmu. A Malikiyya, kawu ko wa ko baffa ba su da ikon tilastawa irin na uba. Asali ba a aurar da marainiya sai ta balaga ta kuma yarda. Malaman baya sun yi rangwame idan an ji tsoron lalacewarta, amma da sharuɗɗa, ciki har da shawartar alƙali. A watan Mayun 2024, shugaban majalisar dokokin jihar Neja, Abdulmalik Sarkindaji, ya ce zai ɗauki nauyin aurar da 'yan mata 100 a Mariga, da yawansu marayun da 'yan bindiga suka kashe iyayensu. Ministar mata ta lokacin, Uju Kennedy-Ohanenye, ta tashi haiƙan, limamai suka mayar da martani, aka yi ta musu a kan shekarun yaran, daga baya aka sasanta aka ɗaura. An ji muryar minista, an ji ta ɗan majalisa, an ji ta malamai. Muryar da shari'a ta ce sai da ita auren marainiya yake inganta, ita ce ba ta kai kunnen jama'a ba. Wannan gurbin aikin marubuci ne.

A ɓangaren jinkiri ma haka. Mafi ƙarancin sadaki a Malikiyya rubu'in dinari ne ko dirhami uku; lefe da gara ba sa cikin sharuɗɗan aure. Waliyyin da ya hana mace auren wanda ya dace da ita ba dalili, alƙali yana iya karɓe walicci daga hannunsa. Saurayin da ba shi da hali, hadisi azumi ya nuna masa, bai kira shi abin kunya ba. Malamai sun ce aure yakan zama wajibi a kan wani, ya zama haram a kan wani, gwargwadon halinsa. Ashe shari'a ba shekara kawai take tambaya ba. Tana tambaya: wa zai amfana, wa zai cutu, wa aka tambaya, wa ke da iko? Waɗannan tambayoyin kowannensu labari ne sukutum.

Ƙasashen Musulmi da dama sun bi ta wannan ƙofa ta maslaha suka sa iyaka. Maroko, wadda Malikiyya take bi kamar mu, ta mayar da shekarun aure 18 a dokar iyali ta 2004, ta bar wa alƙali damar yin togiya. Dokar kare haƙƙin yara ta Nijeriya ta 2003 ita ma 18 ta ce. Amma doka takan tsaya inda kwalta ta tsaya. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su kai 18, kuma kowa ya san arewa maso yamma ce ke ɗauke da kaso mai nauyi.

Auren dole ya zama kayan yaji

Yanzu yawancin karatunmu a waya yake: Wattpad, da ArewaBooks, da zaurukan WhatsApp da ake biya kafin a shiga. Auren dole bai ɓace daga waɗannan labarai ba, ƙaruwa ma ya yi, sai dai ya sauya aiki. An aura wa ɗan attajiri ko hafsan soja 'yar ƙauye mai shekara 15, ya tsane ta, ya wulaƙanta ta shafi ɗari, daga nan ya gano kyakkyawa ce, a ƙare a Dubai. Abin da Balaraba ta rubuta a matsayin rauni, an mayar da shi matakalar shiga daula.

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma abu ɗaya da sana'ar ke koya wa mutum shi ne, duk abin da ake ƙirgawa shi ne yake yawaita. Marubuciyar da ke sakin labari kashi-kashi tana ganin wane shafi ne ya jawo sharhi, wane ne ya sa aka biya. Shafin da ango ya fara kishi yana kawo kuɗi. Shafin da yarinya ta kwana uku tana naƙuda a ƙauyen da mota ba ta shiga ba ya kawowa. Ba na zargin mai neman halalinta da alƙalaminta. Amma ya kamata mu san cewa 'yar shekara 14 tana karantawa, tana kuma koyon cewa haƙuri da wulaƙanci shi ne kuɗin shiga gidan sama.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, tun zagayen farko a 2016 da labarin Sansani na Aisha Muhammad Sabitu ya yi nasara, ta nuna akwai mata masu iya kallon gudun hijira ido da ido. Gajeren labari ya fara tafiya. Dogon labari ne ya tsaya a falo.

Fahimta ba wanke laifi ba ce

Wani zai ce in aka rubuta uban Kakangi da tausayi an ba shi uzuri ke nan. A'a. Dalilinsa na gaskiya ne, cutar da yarinyar ma ta gaskiya ce. Ƙugun da bai gama girma ba, da doguwar naƙuda, da rashin isa asibitin da za a yi tiyata a kan lokaci, su ne ke kawo yoyon fitsari, su ne ke cika gadaje a Babbar Ruga ta Katsina da asibitin Gambo Sawaba na Zariya. Rashin tsaron da ya sa uba gaggawa, shi ne kuma zai hana a fita da ita cikin dare ranar haihuwa. Auren da aka yi don a tsare ta bai hana a kashe mijin a gona ba, ta dawo bazawara tana da shekara 17. Marubucin da ya nuna duka biyun bai wanke kowa ba. Ya dai hana mai karatu samun sauƙin cewa ai jahilci ne, ya juya shafi.

Tun ƙarshen 2024, bayan sulhun da gwamnatin Kaduna ta yi, an sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, motoci sun dawo hanya, mutane sun fara komawa gonaki. Allah Ya ɗorar. Amma yaran da aka aurar a shekarun tsoro suna nan da goyo, samarin da suka rasa shekarun tara abin aure suna nan, marayu suna girma. Cikin wannan akwai labarin matar aure da ke son komawa aji, a yankin da 'yan taru na Nana Asma'u suka taɓa nuna cewa aure ba ya rufe littafi. Akwai na alƙalin da aka kawo wa ƙarar marainiya, baffanta kuma abokinsa ne. Akwai na uwar da ta sayar da akuyarta ta ƙarshe don gado da katifa. Akwai na unguwar da ta zauna ta yanke wa lefe iyaka, da rigimar da ta biyo baya.

Hajiya Balaraba ta yi nata, ta rubuta ƙofar da ta gani a zamaninta, mata da yawa kuma sun bi ta sun fita. Girmama ta ba shi ne a yi ta maimaita tafiyar Abu zuwa birni ba. Shi ne a yi abin da ta yi: a dubi yarinyar da ke gabanmu, a faɗi abin da ya same ta ba ragi, a kuma nemi hujja a cikin addinin da iyayenta suka yarda da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a Kakangi da Randagi da Dogon Dawa akwai masu waya a hannu da suka iya rubutu. Su muke jira.